Sulen da Na Huda a Rumfar Mamuda

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Shugaban wannan zama, Sarkin Kasuwar Kurfi, Alhaji Hudu, Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a. Mai girma wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Malam Liman da malaman da ke gefensa, Allah ya gafarta maku. Sarkin Fawa da mutanensa. Korama, shugabar mata masu awon hatsi, da 'yan awonta. Baƙinmu na Dutsin-Ma. Manoman Rawayau da na Kuki da suka yi sammako. Iyayenmu mata masu fura da masu nono. Da duk wanda ya bar rumfarsa ya zo ya tsaya cikin wannan rana, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Alhaji Hudu da ya tsayar da ciniki a tsakiyar kasuwa domin in yi magana, abin da ban taɓa ganin an yi wa maƙeri ba. Ina kuma gode maku da kuka taru, har da waɗanda suka zo don su ga yadda tsoho yake jin kunya. Ku ma ku matso gaba, ba za ku koma hannu rabbana ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ilu, maƙerin fari. Ni nake ƙera maku zobba da awarwaro da kayan adon linzami. Shekara talatin da ɗaya ke nan kuma ina riƙe da wani aiki da na gada wurin mahaifina: duk kuɗin da aka yi shakkarsa a kasuwar nan, ni ake kawo wa. In buga shi a kan maƙera in saurara, in juya shi in duba. In na ce na kirki ne, ya wuce. In na ce jabu ne, sai in huda shi da ƙusa, in kafe shi a dirkar rumfar wanda ya biya da shi, domin mai wucewa ya gani ya kiyaye. Haka muka taras, haka muke yi.

Kasuwa bakwai da suka wuce na kafe sule a rumfar Mamuda na Rawayau, mai sayen hatsi. Na tsaya a gabanku yau in shaida maku cewa sulen nan na gaskiya ne, kuma ni ne na yi kuskure. Tun ranar babu manomin da ya sauke mashi buhu, babu matar da ta miƙa mashi ƙwarya ya auna mata. Ya sayar da jakunansa biyu, ya ɗaure kayansa, yana shirin ɗaukar tsohuwarsa Inno su ƙetara wajen Maraɗi inda ba a san shi ba. Na duba cikin taron nan tun ɗazu ban gan shi ba. Amma zan yi maganata, ko ya zo ko bai zo ba, domin gaskiyar ba ta jiran zuwansa.

Maganata kashi huɗu ce, kuma zan bi ta daki-daki.

Na farko, abin da ya faru. Kun san tun bara aka fara fito da sababbin kuɗin ƙasarmu, farin sule mai hoton giginyar kudu a bayansa, ana janye tsohon rawayan da muka saba. Waɗanda suka fara iso mana sun biyo hannun mutanen Kano da Katsina, sun sha guga, sun dushe kafin mu gan su. Shi kuwa Mamuda ya kai gyaɗarsa sikeli a Dutsin-Ma, aka kwance bakin jaka a gabansa, aka ba shi sulallan da hannun ɗan Adam bai taɓa shafa ba. Ranar kasuwa ya sayi gero wurin Ɗanjuma na Kuki ya ba shi daga ciki. Ɗanjuma ya ɗaga ɗaya a rana, ya ga haskensa yana zagayawa in an karkata shi, ya kuma ga wasu siraran layuka a fuskarsa. Ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, ya kawo mani. Kada kowa ya ga laifin Ɗanjuma.

Na buga sulen a kan maƙera, ya yi ƙara mai tsawo, mai daɗi, irin wadda dalma ba ta taɓa yi. Kunnena ya faɗa mani gaskiya tun a nan. Amma da na juya shi na ga layukan nan, sai zuciyata ta tafi ga abin da na sani. Mai jabu yana narka dalma da kuza ya zuba a cikin yumɓu, in ya huce ya ɗauki magagari ya goge kaushinsa, kuma magagari yakan bar sawu. Na ga layi, na ce sawun magagari ne. Mutane sun cika ƙofar rumfata suna jiran abin da zan ce, ni kuwa ban taɓa cewa ban sani ba a gaban jama'a. Mamuda ya ce mani, “Baba Ilu, wallahi daga sikeli aka ba ni. Ka tura a tambaya.” Na ce mashi, “Shekara talatin ina wannan aiki ban tura an tambayo mani kowa ba.” Na ɗauki ƙusa da guduma, kuka biyo ni, kuka ga abin da na yi.

Akwai kuma wani alheri da muka yi mashi wanda ya fi ƙusar cutar da shi. Muka ce kada a kai maganar gaban 'yan doka, a rufa mashi asiri saboda tsohuwarsa. Da mun kai, da malamin Baitulmali ya dubi sulen sau ɗaya ya sallami kowa kafin azahar. Mun hana shi zuwa inda za a wanke shi, muna ganin tausayinsa muka ji. Ni na kawo wannan shawara, ba Alhaji Hudu ba.

Na biyu, yadda na gane. Jama'a, hannun maƙeri ba ya mantuwa. Na huda jabu ya fi a ƙirga a rayuwata. Jabun zubi, da ka ɗora mashi ƙusa sai ta shige kamar ka soka tsinke a sabulu, wani ma ya tsage ya marmashe. Wannan sule ya lanƙwasa mani ƙusa biyu, sai ta uku ta shiga, kuma da ta shiga ƙarfen bai tsage ba, sai ya naɗe ya bi jikinta. Kuna ta shewa, ni kuwa gwiwar hannuna tana faɗa mani na yi ɓarna. Na yi shiru, na koma rumfata. Kasuwa uku ina wucewa ta gaban rumfar Mamuda ina kau da kai. Wannan shirun ya fi kuskuren muni, kuma ina so ku ji na faɗa da bakina.

Da abin ya ishe ni na hau jaki na tafi Dutsin-Ma, na canzo sababbin sulalla a inda aka ba Mamuda nasa. Duk waɗanda aka ba ni da layukansu. Aka nuna mani gidan Malam Sabitu, malamin makaranta, ga shi nan zaune kusa da Liman, aka ce yana da littafi mai hotunan gidan da ake buga kuɗi. Sa'an ɗiyana ne, amma na tuɓe takalmi na zauna a gabansa. Ya ɗora mani gilashi mai ƙara girman abu a kan sulen ya ce, “Baba, in kana goga da magagari, ina sawun yake nufa?” Na ce, “Gefe guda, a jere.” Ya ce, “Waɗannan fa?” Na duba da kyau. Daga tsakiya suka taso, suka bazu zuwa baki ta kowace fuska. Babu maƙerin da Allah ya halitta da zai iya riƙe magagari haka.

Na uku, wanda shi ne ilimin da na zo in bar maku: yadda ake yin kuɗin gaskiya, da abin da ya sa layukan nan suke fitowa. Ku saurara da kyau, don gobe ku ne za ku riƙa dubawa da kanku.

Kuɗin gaskiya ba zuba shi ake yi ba, buga shi ake yi. Ana narka ƙarfen sau ɗaya tun farko, tagulla da wani farin ƙarfe a gauraye, a yi shi sanduna. Sai a riƙa matse sandunan a tsakanin manyan naɗaɗɗun ƙarafa har su zama falle mai kaurin sule. Daga fallen nan ake fitar da 'yan faya-fayai, sumul, babu hoto babu rubutu. A ɗan gasa su don su yi laushi, a bar su su huce sarai. Ku riƙe wannan: a sanyinsu ake buga su, babu wuta, babu zugazugi.

To sai a kawo hatimi biyu na baƙin ƙarfe mai tsananin tauri, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. An sassaƙa kan Sarauniya a cikin ɗaya, an sassaƙa itacen giginyar nan a cikin ɗayan, duka a rame, wato abin da zai taso a jikin sule ya zama rami a jikin hatimi. A ajiye faifan a tsakaninsu, a kewaye shi da wani zobe na ƙarfe. Sai inji ya sauko da hatimin sama sau ɗaya tak, da nauyin da Malam Sabitu ya ce ya fi na manyan motocin gyaɗa da yawa a haɗe, duk a kan abin da bai kai tafin jariri ba.

Me zai faru da ƙarfen? Ku tuna lokacin da magini yake cuɗa ƙasa da ƙafa. In ya taka, ƙasar ba ta ɓacewa. Wata ta ɓullo ta tsakanin yatsunsa, wata ta gudu ta gefen ƙafarsa. Haka ƙarfe yake yi in matsi ya kai matsi. Ba ya narkewa, amma yana gudana. Inda hatimi yake a shafe, ya danne shi, sai ya nemi mafita: wani ya hau ya cika ramin kan Sarauniya, wani ya shiga ramukan haruffa ɗaya bayan ɗaya, saura kuma ya kwarara daga tsakiya zuwa baki har ya ci karo da zoben nan ya tsaya, ya ɗauki zanen gefe. Duk wannan kafin ka ƙifta ido. Kowa a nan ya ga ina bugun azurfa tana faɗi a ƙarƙashin guduma, ni kaina kullum ina gani, amma ban taɓa kawo wa raina cewa tafiya take yi ba, kuma tafiyar tana da alƙibla.

Layukan fa? Ku je ku dubi itacen bakin rijiyar masallaci. Igiya ta fi itace laushi, amma yau da gobe ta yi mashi kwari, kowane kwari yana nuna inda ake jan guga. Hatimi ɗaya yana buga sule dubu bisa dubu. Kowane bugu, ƙarfe ya goge fuskarsa yana gudu daga tsakiya zuwa baki, ta hanya ɗaya, har ya yi mata siraran kwaruruka. Daga nan duk sulen da hatimin ya buga sai ya fito da sawunsu a jikinsa. Su ne suke kama rana su sa haske ya zagaya in ka karkata sabon kuɗi. Hatimin da ya tsufa ya fi fitar da su ƙarara, kuma irin wannan hatimi ne ya buga sulallan da aka ba Mamuda. In sule ya yi 'yan watanni yana yawo a aljihu da bakin zane, sai su shafe, shi ya sa ba mu taɓa lura da su ba.

Kun san halina, ba na karɓar magana don tana cikin littafi. Na dawo gida na sami guntun ƙarfen mota, na sassaƙa tauraro a kansa, na ƙera zobe, na yayyanka tagulla, na yi ta bugu da babbar masaba kwana tara. Matata Rekiya ta leƙo ta ce, “Malam, ka kafe na wani, yanzu kai za ka buɗe naka gidan jabun?” A kwana na tara layukan suka fara fitowa, daga tsakiya zuwa baki, daidai da na sulen Mamuda. Ga gutattakin nan a cikin ƙwarya, Korama, ki karɓa ki miƙa a zagaya da su. Kowa ya taɓa, amma a dawo mani da ƙwaryata, ta Rekiya ce.

Saboda haka ga yadda za ku rarrabe. Sawun magagari yana tafiya gefe guda, yana yankar ƙarfe, yana hawa kan hoto da rubutu ba ya jin kunyar kowa. Sawun bugu yana tasowa daga tsakiya ya bazu, kuma ya fi fitowa a filin da babu hoto. Kuɗin zubi haruffansa a kumbure suke, fuskarsa da 'yan ramuka inda iska ta maƙale, ƙararsa gajera. Kuɗin bugu haruffansa da kaifi, jikinsa a cure saboda matsin da ya sha, ƙararsa doguwa. Abin da na kira shaidar jabu, shi ne babbar shaidar cewa sulen ya fito daga ƙarƙashin hatimin gaskiya, don mai yumɓu ba shi da ƙarfin da zai sa ƙarfe mai sanyi ya yi gudu.

Na huɗu, kuma na ƙarshe, abin da ya rage a kaina. Shekaranjiya na tafi Rawayau. Na taras da kayan Mamuda a ɗaure a zaure. Na gaishe da Inno, ta amsa daga bayan zana. Ta ce, “Ilu, tare muka yi wasan ƙasa da kai. Kasuwa bakwai ban je suna ba, ban je biki ba, don in na shiga sai mata su yi shiru. Mijina a nan yake kwance, ɗana kuma ya ce in tashi mu tafi. Kai ka san inda zan ajiye tsufana?” Na yi kuka a zauren nan, ba na jin nauyin faɗa maku.

Na ce wa Mamuda zan je da asuba kafin kasuwa ta cika in cire ƙusar. Ya ce, “A'a, Baba. A gaban mutane ka kafa ta, a gaban mutane za ka cire ta, kuma ka faɗa masu dalili yadda ko Ɗanjuma zai iya bayyana wa wani. In ba haka ba za su ce tausayina ka ji.” Ya yi gaskiya, shi ya sa na tsayar da ku ina koya maku ƙira da rana tsaka. Na ce to in na yi haka zai zauna? Ya ce, “Zan zo in tsaya daga nesa in ji. In ka gan ni da tiyata ta awo, na zauna. In ka gan ni da gorar tafiya, ka yi mani addu'a.”

Don haka ina roƙon abu uku. Ina roƙon Alhaji Hudu ya ba ni izini, da zarar na sauka daga nan, ku biyo ni kamar yadda kuka biyo ni ranar, ga awartakina a hannu, in cire ƙusar nan kuna gani. Ina roƙon daga yau kada a sake kafe kuɗin kowa a kan maganar mutum ɗaya, ko da ni ne, sai an kai shi Baitulmali an duba. Ina kuma roƙon manoman Rawayau da na Kuki, ku da kuka janye buhunanku saboda kun yarda da ni, ku mayar da su saboda na ce maku na yi kuskure. Shi kuwa sulen, na mayar wa Mamuda wani a madadinsa, wannan nawa ne. Na mai da shi mai huji kamar kobo. Zan kafe shi a ƙofar rumfata, duk wanda ya tambaya in ce mashi aibi ɗaya ne a jikin sulen nan, hujin tsakiyarsa, kuma hannuna ne ya yi shi.

Ku dakata. Na hango mutum a gindin tsamiya, bayan masu tukwane, da shuɗiyar riga. Mamuda ne. Akwai abu a hammatarsa. Alhaji, idon nan nawa ya riga ya yanke hukunci sau ɗaya ya cuci bawan Allah, ba zan sake yarda da shi shi kaɗai ba. Don Allah ka miƙe ka duba mani. Ɗanjuma, kai ma ka duba, idonka ya fi nawa. Me yake riƙe da shi?

Tiya ce? Kun tabbata?

Alhamdu lillahi. Ku buɗa mashi hanya.

Allah ya yafe mani abin da na yi da sanina da wanda na yi cikin girman kai. Allah ya mayar wa Mamuda abin da ya rasa ya ninka mashi, ya sanyaya zuciyar Inno, ya bar ta kusa da kabarin mijinta har ranar da ya ga dama. Allah ya saka wa Malam Sabitu da alheri, ya ƙara mashi ilimi mai amfani. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya taimaki Sarkin Kasuwa a kan riƙon amanarmu. Allah ya sa wa kasuwar Kurfi albarka, ya raba ta da jabu, ya raba ta da gaggawar irina, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Yanzu ku zo mu je rumfar Mamuda.

Na gode.